Mai Gaskiya Ma Yakan Yi Gumi

Bayan isha'i wayar ta shigo, ina zaune cikin mota a bakin tashar jirgin ƙasa ta Baltimore a Amurka ina jiran fasinja. Ɗan yayata ne. Yaron nan ba mai kira ba ne, saƙon murya yake turowa, shi ma sai an kwana biyu, don haka tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi. Na zaci rasuwa aka yi a gida.

"Kawu, barka da dare. Wai za a sa mu a na'ura ranar Alhamis."

"Wace irin na'ura?"

"Ta gano ƙarya."

Watansa tara ke nan a wani sito da ke bayan gari, inda ake tara kayan lantarki ana rarraba wa shaguna, kuma aikin dare yake yi. An yi ƙidayar kaya a ƙarshen wata, lissafi ya nuna kwali guda na wayoyin hannu ba ya nan, an nema ko sama ko ƙasa. Sai manajan ya tara su, su goma sha ɗaya masu kwana a wurin, ya ce akwai wanda zai zo da na'ura, kowa zai zauna a gwada shi, wanda bai yarda ba ya kama gabansa.

Na tambaye shi abin da kowane babba zai tambaya. "Kai ka ɗauka?"

"Wallahi Kawu ban ɗauka ba. Ko wajen da ake ajiye wayoyin ba na zuwa."

"To mene ne na tashin hankali? Ka je ka zauna a yi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Haka na faɗa masa, har da 'yar dariya, na kashe waya domin wata tsohuwa ta fito da jakunkuna. Sai da na sauke ta a unguwarsu, ina dawowa ni kaɗai, maganar ta dawo mini. Jikina ya yi sanyi. A duk danginmu ni ne mutumin da bai kamata ya ba da wannan shawara ba, domin ni na taɓa zama a kan kujerar nan.

A shekarata ta uku a ƙasar nan na nemi aiki a wani kamfanin da ke dakon kuɗi cikin motoci masu sulke, irin waɗanda ke zagaya bankuna da manyan kantuna. Aka ce sai na yi gwajin foligiraf, wato na'urar nan ta gano ƙarya. Aka kai ni wani ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da kujera biyu. Mutumin da zai yi gwajin dattijo ne mai fara'a, har ya tambaye ni garinmu da abin da muke ci. Ya ɗaura mini wata roba mai kama da mesa a ƙirji, wata a ciki, ya ɗaure damtsena da abin awon hawan jini irin na asibiti, ya manna wasu 'yan ƙarafa a yatsuna biyu. Duk wayoyin sun tafi cikin kwamfutar da ke gabansa. Ni kuwa aka juya kujerata na fuskanci bango.

Ya riga ya karanta mini tambayoyin tun kafin a fara, amsar kuma "e" ce ko "a'a". Sunanka wane? Yau Talata ce? Waɗannan ba komai. Sai ya zo kan wata: kafin ka cika shekara ashirin da biyar, ka taɓa ɗaukar abin da ba naka ba? Na ce a'a. Ina faɗa sai ga gwangwanin madarar da mahaifiyata ke ajiye canjin cefane a ciki ya faɗo mini a rai, wanda nake zarar kwabbai daga ciki ina sayen alewa ina ɗan firamare. Ƙirjina ya hau dukan uku-uku. Abin da ke damtsena ya matse har yatsuna suka fara mutuwa. Ga Turancin ma, sai na juya kowace tambaya zuwa Hausa a kaina kafin in amsa, ina kuma tsoron kada shirun ya zama laifi. Katin zamana a ƙasar sabo ne fil a lokacin, kuma duk baƙo ya san yadda zuciya ke yi in an zaunar da shi gaban mai rubuta bayani.

Da aka gama sai dattijon ya jawo kujerarsa kusa da ni, ya sassauta murya, ya ce na'ura ta nuna akwai abin da ke damuna, gara in faɗa masa tun yanzu. Na kwashe labarin gwangwani na ba shi, ni da gemuna. Ya yi murmushi ya rubuta. An ɗauke ni aikin, na yi wata takwas ciwon baya ya kore ni. Amma da na fito daga ɗakin nan rigata ta jiƙe sharkaf, alhali ban taɓa satar ko sisin wani kamfani ba.

Sai daga baya na gane cewa tambayar gwangwanin tarko ce da aka ɗana da gangan. Na'urar ba ta san ƙarya ba. Abin da take aunawa numfashi ne, da bugun zuciya, da hawan jini, da gumin yatsu. Mai gwajin yakan jefo tambayar da ya san kusan kowa zai ɗan yi kwana a kanta, sannan ya kwatanta yadda jikinka ya motsa a nan da yadda ya motsa a kan ainihin abin da ake zargi. In ka fi firgita a tambayar wayoyin da suka ɓata, sai a ce da walakin. To yaya za a yi da yaron da ya san wannan tambayar ce za ta raba shi da abincinsa, da kuɗin da yake tura wa uwarsa duk wata? Dole jikinsa ya fi rawa a kanta ko bai taɓa ganin kwalin ba.

Ba ni na fara faɗar haka ba. Wani ɗan sanda mai ilimin kimiyya, John Larson, shi ya haɗa irin wannan na'ura a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1921, kuma tun 1923 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta ƙi karɓar shaidar wani gwajin gano ƙarya na awon jini, a shari'ar da ake kira ta Frye. Aldrich Ames, jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da ya yi shekaru yana sayar wa Rasha asirin ƙasarsa, sau biyu ya haye gwajin lafiya lau kafin a kama shi a 1994. A 2003 kwamitin masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ya fitar da rahoto mai ɗauke da wani lissafi da ya tsaya mini a rai. A ce ma'aikata 10,000 ne, goma daga ciki 'yan leƙen asiri. In aka saita gwajin yadda zai kama takwas daga cikin goman, mutum kusan 1,600 ne za su faɗi. Takwas ne kawai masu laifi a cikinsu. Sauran duk irina ne, masu gumi a kan gwangwanin madara.

A daren na sake kiran yaron, na ce ya manta da abin da na faɗa ɗazu. Na ce in ya je aiki ya shiga ɗakin da suke cin abinci, ya duba bangon da ake liƙa takardun gwamnati, waɗanda kowa ke wucewa ba ya ko kallo, ya ɗauko mini hotonsu duka. Wajen ƙarfe biyu na dare hotuna suka shigo. Tsakanin ta mafi ƙarancin albashi da ta kiyaye haɗari a wurin aiki, ga ta nan, rabinta ya ɓuya a bayan firji: takardar Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka a kan dokar kare ma'aikata daga gwajin gano ƙarya. Kamfanin da ke barazanar shi da kansa ya liƙa ta, domin dokar ce ta tilasta masa.

Dokar ta 1988 ce. Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a watan Yuni, ta fara aiki a Disamba. Abin da ya ba ni sha'awa, Edward Kennedy da Orrin Hatch ne suka tura ta a majalisar dattawa, mutum biyu da a siyasa hannun riga suke. Kafin nan kantuna da bankuna da gidajen abinci sun mayar da na'urar kamar sikelin awo, mai neman aikin kashiya ma sai an ɗaure shi da wayoyi.

Gundarin dokar ba shi da wuyar fahimta. Kamfani mai zaman kansa ba shi da ikon tilasta wa ma'aikaci ko mai neman aiki ya yi gwajin. Ba tilastawa kaɗai ba, ko roƙo, ko shawara, ko a ce "da za ka yi da ya fi maka", duk an hana. Ba zai kore ka ba, ba zai rage maka matsayi ba, ba zai hana ka aiki ba don ka ƙi. Ba zai nemi sakamakon gwajin da wani ya yi maka ya yi aiki da shi ba. Kuma ba foligiraf kaɗai ake nufi ba, har da na'urorin da ake cewa suna gane ƙarya daga rawar murya. Ko ajiye na'urar a gabanka a yi kamar ana gwada ka don ka tsorata ka amsa laifi, ƙa'idojin ma'aikatar sun haramta shi.

Amma akwai ƙofofin da aka bari a buɗe, kuma wanda bai san su ba zai je ya yi tsaurin ido a inda ba shi da gaskiya. Gwamnati ta cire kanta, ta tarayya da ta jiha da ta ƙaramar hukuma, wanda ni a ganina son kai ne muraran: na'urar da ba ta isa ta yanke wa mai shara a kanti hukunci ba, ita ce ake tantance masu riƙe asirin ƙasa da ita. An kuma bar kamfanonin tsaro irin na motocin kuɗi su gwada masu neman wasu ayyuka, shi ya sa nawa gwajin bai saɓa wa wannan doka ba. Haka masu haɗawa da rarraba magungunan da hukuma ke sa wa ido.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce ta shafi ɗan yayata, kuma a nan gizo ke saƙar. In an yi wa kamfani sata ko wata ɓarna ta dukiya, yana iya neman ma'aikaci ya yi foligiraf, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Sai an sami takamaiman abin da ya faru, ba wai kaya na yawan ɓacewa ana son a jefa koma a ga wanda za ta kamo ba. Sai ma'aikacin yana da hanyar kaiwa ga dukiyar. Sai kuma akwai dalili mai kama hankali na zarginsa shi ɗin, shi kaɗai da sunansa, kuma kasancewarsa yana aiki a wurin bai isa dalili ba. Bayan haka dole a rubuta duk wannan a takarda, wani mai hurumi a kamfanin ya sa hannu, a miƙa wa ma'aikacin aƙalla awa 48 kafin gwajin, ban da ranakun ƙarshen mako da na hutu. A tara mutum goma sha ɗaya a ce kowa ya zo a gwada, wannan shi ne ainihin abin da aka yi dokar don a hana.

Ko an cika sharuɗɗan nan, wanda ya yarda ya zauna yana da nasa haƙƙin. Zai ga tambayoyin tun kafin a fara. Zai iya shawara da lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Ba za a tambaye shi addininsa ba, ko ra'ayinsa na siyasa, ko batun launin fata, ko sha'anin kwanciyarsa, ko abin da ya shafi ƙungiyar ƙwadago. In ya ga dama ya ce a tsaya, a cire masa wayoyin ya tashi. Mai gwajin ba zai yi fiye da biyar a rana ba, kuma kowanne kada ya gaza minti 90. Na ɗauki biro na lissafa: mutum goma sha ɗaya ba za su shiga ranar Alhamis ɗaya ba ko da an yi komai daidai. Sannan sakamakon na'urar shi kaɗai ba ya korar mutum, sai da wata hujja a gefe.

Ina karanta wannan sai na tuna wani abu da ya faru a layinmu ina yaro. Sarƙar wata amarya ta ɓata, aka ɗauko wani mutum mai tsintsiya. Aka jera 'yan aikin gidan da yaran maƙwabta, yana harɗa tsintsiya biyu a wuyan kowa yana 'yan surutai, wai wanda ta shaƙe shi ne ɓarawo. Ta shaƙe wata yarinya 'yar aikatau da tun kafin a zo kanta take kuka. Tsintsiyar a hannun mutumin take, shi ke matsawa, shi ke sassautawa. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da ya dawo daga kasuwa ya ji labari ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shari'a ba ta san tsintsiya ba, hujja tana wuyan mai tuhuma, wanda ya musanta rantsuwa kawai ke kansa. Ban yi tsammanin zan tarar da ƙanwar wannan maganar a bayan firjin wani sito a Amurka ba. Mu da muka taso da wannan ƙa'idar mu ne kuma muke saurin cewa "je ka wanke kanka", kamar wanda ake zargi shi ke da bashin hujja.

Akwai ƙari kuma. Dokar tarayya ba ta rushe ta jihar da ta fi ta tsanani ba. A nan Maryland an hana mai ɗaukar aiki ya sa gwajin ya zama sharaɗin samun aiki ko ci gaba da shi, kuma dole a buga gargaɗin da manyan haruffa a jikin takardar neman aiki. Na ce wa yaron ya tuna, ya ce lallai ya sa hannu a ƙarƙashin wani rubutu mai manyan baƙaƙe, bai karanta ba. Tarar da gargaɗin ya ambata dala 100 ce kacal, abin dariya. Ta tarayya ce mai cizo: a 1988 tana iya kaiwa dala 10,000 a kan kowane laifi, yanzu da ake ɗaga ta saboda tsadar rayuwa ta haura 20,000. Ma'aikaci kuma na iya kai ƙara kotu da kansa cikin shekara uku, ya nemi a mayar da shi aiki a biya shi albashin da ya rasa. Ko an sa ka ka sa hannu ranar ɗaukar aiki cewa ka yafe wannan haƙƙin, sa hannun ba ya aiki.

Ranar Talata ya zo gidana muka zauna bayan la'asar, matata ta kawo mana kunu. Shi so yake ya je ya ɗaga wa manajan murya, ya nuna masa hoton takardar a gaban kowa. Na ce a'a. Mai neman abinci a ƙasar wasu ba ya fara da faɗa, kuma magana ta baka iska ce ke kwashe ta. Muka rubuta saƙon imel na layi huɗu, cikin ladabi, zuwa ga manajan da ofishin kula da ma'aikata. Ya ce ya ji sanarwar gwajin, yana roƙon a ba shi rubutacciyar takardar da dokar 1988 ta tanada, mai bayyana abin da ya ɓata da dalilin da ya sa ake zarginsa shi, domin ya nuna wa mai ba shi shawara. Bai ce ya ƙi ba, bai ce zai kai ƙara ba. Na sa ya tura kwafi zuwa nasa adireshin, ya kuma rubuta a littafi ranar da aka tara su, da lokacin, da waɗanda ke wurin.

Ya dube ni ya ce, "Kawu, in suka kore ni fa?"

Ban yi masa ƙarya ba. Na ce suna iyawa. A yawancin jihohin ƙasar nan mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci ba tare da dogon bayani ba, sai dai kada dalilin ya zama wanda doka ta hana, kuma tabbatar da ainihin dalilin aiki ne ja. A dokar tarayya ma, in da suna da hujja ta gaske a kansa, suka kuma bi duk matakan nan, ƙin zama ba zai cece shi ba. Dokar ba ta hana su kiran 'yan sanda ba, ba ta hana su duba kyamara ba, ba ta kuma taɓa gwajin shan ƙwaya ko tambayoyin auna gaskiya da ake amsawa a takarda ba. Abin da ta ba shi ɗaya ne: in suka kore shi a kan ƙin hawa na'ura, yana da inda zai kai kuka, Sashen Albashi da Awannin Aiki na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma shigar da ƙorafi a can kyauta ne.

Ranar Laraba da yamma wata mata daga babban ofishinsu ta zo siton. Ta shiga ofishin manajan aka rufe ƙofa. Da dare ya tara su ya ce ba su fahimce shi ba ne, shi bai taɓa cewa dole ba, misali kawai ya yi. Tabarmar kunya dai. Alhamis ta zo ta wuce ba a ga mai na'ura ba. Aka sa sabon kwaɗo a kejin wayoyi, aka ƙara kyamara biyu, abin da ya kamata a yi tun farko. Kwalin kuwa har yau ba wanda ya ce musu an gan shi ko ba a gan shi ba.

Ba a rabu lafiya ƙalau ba. Sati uku manajan ba ya amsa gaisuwarsa, kuma awannin ƙarin aiki da yake samu ranar Asabar suka koma hannun wasu. Na ce ya ci gaba da rubutawa a littafinsa. Daga baya abin ya lafa da kansa. Wani abokin aikinsa ɗan Salbado, wanda ya kwana biyu ba ya barci saboda fargabar Alhamis ɗin, ya kawo masa abinci daga gida a roba.

Yayata ce dai ban shawo kanta ba. Da labari ya isa Kano ta kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta hau ni. Ta ce na koya wa ɗanta taurin kai, da na bar shi ya hau abin nan ya wanke sunansa, yanzu ga shi za a riƙa yi masa kallon wanda ya guje wa rantsuwa. Na yi mata bayanin numfashi da gumi, ta ce ita ba ta san wannan ba. Sai na ba ta labarin gwangwanin madara. Ta yi shiru, har na zaci layin ya yanke.

Can ta ce, "Ashe kai ne? Ni Inna ta riƙa duka a kan kuɗin nan."